Ƙanƙarar Sukari

Duk wanda ya shigo zauren nan da waya a hannu, abin da yake fara ce mini shi ne, "Gwaggo Hassi, koya mani jini." Jini kawai. Kamar dai kwalliyar fim ɗin mayu ba komai ba ce illa a kwaɓa ja a yaɓa wa mutum a baki. To ku zauna. Ga tuwo nan na sa an kawo muku, ku bar shi ya sha iska, ni kuma in ba ku labarin sana'ar da kuke ganin ta fi shan ruwa sauƙi.

Ni asalina mai lalle ce a nan Wurno. Hannun amare na sani da ƙafafunsu, ban taɓa tunanin zan taɓa fuskar ɗan wasa ba. Wani tsoho ne, Baba Tunau, wanda ya yi kwalliyar wasan kwaikwayo na talabijin tun ana kallonsa baƙi da fari, ya ga zanen da na yi wa jikarsa, ya aiko a tambaya ko wace ce mai hannun da ba ya rawa. Idonsa ya fara rauni a lokacin, yana neman wanda zai zame masa yatsu. Haka na shiga, ina ɗaukar masa akwatin ƙarfe mai tsatsa wanda babu komai cikinsa sai ƙaro, auduga, toka, gawayi, farar ƙasa, kwalli, man kaɗe da madubi. Ban da madubi, babu abin da ba za ki samu a ɗakin kakarki ba.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne in tsufar da wata budurwa. Ana jiƙa ƙaro ya yi kauri, a ja fatar kumatu da yatsa biyu, a shafa, a ɗora auduga siririya kamar yanar gizo, a yi fifita har ya bushe, sannan a saki. Fatar da kanta za ta yamutse. Ni kuwa da zumuɗin sabon shiga na zuba ƙaron nan har gefen baki. Da aka ce ta yi magana, baiwar Allah ta kasa buɗe baki, sai ido take juyawa. Baba Tunau ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tsohuwa nic ce ki yi mani, Hassi, ba gawa ba." Ranar na koyi cewa fuska ba bango ba ce, mai ita yana ciki.

Jinin da kuke ɗoki kuwa, zoɓo ne da sitacin rogo, da ɗan garin gawayi, don kyamara tana ganin ja zalla kamar lemon kwalba. Kada wanda ya ruɗe ku da zuma. Mun taɓa aiki a wata gonar gero a Sisawa, wani mai iyayi ya ƙara zuma a kwanon jinina wai don ya yi sheƙi. Wadda ta fito a mayya tana tsakiyar lasar baki ƙudan zuma suka iso. Mayyar da garin fim duka ke tsoro, sai ga ta ta kwashi zane tana kiran uwarta har bakin hanya.

Waɗannan duka hannu ne ke koyonsu. Abin da ya fi wuya dokoki biyu ne na Baba Tunau, kuma babu ɗaya da ta shafi iya shafa.

Ta farko na ji ta ne a Marnona. An kawo mini wani ɗan wasa mai zanen gado a kumatu, irin wanda kowa ya gani ya san gidan da ya fito. Na ce a raina ai wannan ya rage mini aiki, in na bi zanen da gawayi zai yi ban tsoro. Baba Tunau ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Ruhe shi. Kak ki kuskura ki bar ma maye zanen kowa. In kinka bar shi, gobe a kasuwa ba a cewa wane ya yi wasa, cewa za a yi mutanen wane mayu na." Tun daga ranar, duk mai zane sai na cike masa shi da ƙaro da farar ƙasa har kumatun ya yi sumul, sannan in ƙirƙiro masa tabon da babu dangin da ke da irinsa.

Ta biyu ita ce wanki. Duk ƙauyen da muka je aiki, mutane na taruwa kallo, mata ta kan katanga, maza a gindin itace. Baba Tunau bai taɓa yarda ɗan wasa ya shiga mota da fuskar maye ba. Sai an kafa kujera a fili, a gaban kowa, in shafa man kaɗe, in ɓamɓare ƙaron a hankali, in wanke da sabulu, har fuskar mutum ta fito a yi dariya a gaisa. Yakan ce, "Gaban mutane aka yin mayya, gaban mutane aka kashe ta." Ina ganin kamar tsufa ne ke sa shi tsawaita aiki, ashe ya san inda yake zaune.

Sai ƙanƙara. Ku 'yan birni wataƙila sai a fim kuka san ta, amma a wajenmu ba wanda bai ji ba: ana cewa maitar maye wasu 'yan duwatsu ne masu launi a cikinsa, in ya so ya amayo su, in ya so ya mayar. Duk shirin mayu sai an nuna wannan. Da can tsakuwar gulbi ake wankewa a ba ɗan wasa ya guntsa, har wani ya fasa haƙori. Ni na kawo dabarar narka sukari, in raba shi, in sa wa wani jan zoɓo, wani kalar abinci kore ko ɗorawa, in ɗiga a faranti ya daskare. In an haska fitila, sai ka rantse daga cikin mutum suka fito. Matsalarsu ɗaya, a akwati tururuwa, a mota narkewa. Don haka nakan bi su da ɗan gari in ƙulle a haɓar zanena, inda mata ke ƙulle goro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da ta zame mana baƙa ita ce wadda ta biyo bayan rasuwar Baba Tunau. An ba mu wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin kowane mako, duk a kan wata mayya mai suna Ta-Gawo, wadda ke zaune gindin gawo a bayan gari. Kun san gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke tsiro. Daraktan wani saurayi ne, Sanusi, mai kaifin kai, ba na hana shi wannan. Ya ce mini mutane sun daina jin tsoron farar ƙasa da jan baki, a waya ma dariya suke yi. Ya ce, "Gwaggo, mayya ba ta da ƙaho. Ni so nika a ga mace kamar maƙwabciyar kowa."

Kuma ya samo ta. Kulu ce, mai tuwo a tashar Rabah, wadda ke dafa mana abinci in muna aiki a can. Bazawara ce mai 'ya'ya, da tukunyar nan take riƙe da gidanta. Tana da wani irin kallo in tana sauraron mutum, ta ɗan karkatar da kai ba ta ƙiftawa, alhali lissafin malmala take yi. Sanusi ya gani ya ce ya sami Ta-Gawo. Na ce a bar ni in sauya mata fuska, ko da hanci ne da tabo. Ya ƙi. Na faɗa wa Kulu dokar wanki, na ce fuskar da ba a shafa ba, ba ta wankuwa. Ta yi dariya ta ce, "Hassi, wa ab bai san ni ba Rabah? Kowa ya ci tuwona."

Abin da na yi mata bai kai a kira shi kwalliya ba. Kwalli a ƙasan ido ɗaya kawai, ɗayan na bar shi fari, sai ɗan ƙaro a leɓe don ya tsattsage. Shi ke nan. Amma ranar da na fara ganinta a allon kyamara, tana tsaye gindin gawo da rana tsaka, babu inuwar ganye ko ɗaya a kanta, tana kiran sunan wata yarinya a hankali kamar mai kiran kaza, tsigar jikina ta tashi. Ni da na shafa kwallin da hannuna, na ji tsoro.

Shirin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Daga Rabah har Goronyo, duk gidan da ke da talabijin mai sola cika yake yi ranar da ake nunawa, washegari kuma a bi shi a waya. Sai tuwon Kulu ya fara kwana. Direbobin da suka shekara suna cin abincinta suka koma rumfar gaba. Ba wanda ya ce mata komai. Mata dai in ta nufo su sai su juya goyonsu zuwa bango. Ta ce mini, "Wasa na, za su manta." Amma na ga ta rage yawan garin da take tuƙawa.

Ranar da abin ya fashe muna aiki ne a wani ƙauye gaba da Maikujera, da rana tsaka, lokacin da ko awaki sun nemi inuwa. Na gama wanke kwanonina ke nan, gefen zanena duk ya jiƙe, sai na ji janareta ya mutu. Ba lalacewa ya yi ba, mai kula da shi ne ya kashe. Na ɗaga kai na ga amalanken shanu yana tahowa, mutane na biye da shi, babu mai magana. Ban taɓa ganin taro mai yawa haka da shiru irin wannan ba. Wasu na riƙe da sanda, amma a ƙauye kowa na riƙe da sanda, don haka ba ka iya cewa ga abin da suka zo yi.

Suka sauke wata yarinya a tabarma, ba ta wuce shekarun fara tallan gyaɗa ba. Jikinta zafi kamar an sauke tukunya, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Ubanta, wani manomin albasa mai suna Malam Ummaru, ya tsaya a kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Kulu ya ce, "Baiwar Allah, ba mu zaka da hwaɗa ba. Ɗiyata ta, Nana. Tun shekaranjiya sunanki taka kira. Ki ƙetare ta, mu tahi."

Muka matsa kusa, muka ji da kunnenmu. "Ta-Gawo, sake ni. Ta-Gawo, sake ni."

Ga waɗanda ba su sani ba: in ana zargin maye ya kama kurwar mutum, maganin da aka yarda da shi shi ne mayen ya ƙetare marar lafiyar, ya tsallake shi, wai da haka yake sakin abin da ya kama. Kulu ta fahimci tarkon kafin kowa. In ta ƙetare, ta amsa da ƙafarta cewa ita mayya ce, har jikokinta ba mai aurensu. In ta ƙi kuma yarinyar ta mutu, ita Kulu ba za ta kai Rabah da rai ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hassi, mi za ni yi?"

Sanusi ya yi ta bayani. Ya nuna kyamara, ya nuna takardar wasa, ya ce zazzaɓi ne, yarinya ta kalli shiri ta tsorata, ga motarmu a kai ta asibiti yanzu. Malam Ummaru ya saurare shi har ƙarshe, da ladabi, ya ce, "Mun ji, Alhaji. Za mu asibiti. Ta ƙetare dai tukuna." Mutanen da ke bayansa suka ɗan matso, taku guda.

Ni ce na yi magana, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce wa mai unguwarsu, wanda ke tsaye gefe yana jan carbi, "Baba, tunda ba mu san wa yar riƙe ta ba, kak a ware mutum guda. Dut wanda ad da hannu cikin wasan ga shi ƙetare, maza da mata. In akwai mai riƙe da ita cikinmu, ya saki ke nan, ba a kunyata kowa ba." Nufina a ɓatar da Kulu cikin taro. In yarinya ta tashi daga baya, ba mai iya cewa ƙafar wa ta yi aiki. Mai unguwa ya dubi uban, uban ya gyaɗa kai.

Muka jeru. Sanusi ya fara, yana ta istigfari. Mai kyamara ya bi, sai mai janareta, sai 'yan wasa. Babu abin da ake ji sai ƙarar takalma a ƙasa da numfashin yarinyar. Da layi ya zo kan Kulu, har kukan tsuntsu na ji daga can cikin fadama. Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare. Yarinyar ba ta ko motsa ba. Na ji taron ya saki numfashi, wata tsohuwa ta ce, "Ashe ba ita ta ba." Wallahi daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa.

Ni ce ta ƙarshe, don ni na tsara layin. Na tattare zane na ɗaga ƙafa. Ko jiƙaƙƙen gefen zanen ne ya shafi fuskarta, ko ruwan ne ya ɗiga mata, ko lokacin farkawarta ne ya yi, Allah kaɗai ya sani. Ƙafata ba ta gama sauka ba yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe ido tar a kaina, ta ce, "Inna, ruwa."

Na juyo da sauri, ƙullin haɓar zanena ya kwance. Ƙanƙarar nan ta zube a kan tabarma, ja da kore da ɗorawa, tana sheƙi a rana, ɗaya ta gangara har gefen kunnen yarinyar.

Ba wanda ya yi ihu. Da sun yi ihu da ya fi mini sauƙi. Baya kawai suka ja, fili ya buɗe kewaye da ni. Na ce, "Sukari na! Kayan aiki na, wallahi sukari na, ku duba!" Kuma don in nuna musu, na yi abin da duk mai dafa abu zai yi in an yi shakkar girkinsa. Na sunkuya na ɗauki ɗaya na jefa a baki, na haɗiye.

Sai muryar tsohuwar nan, a hankali: "Ta maishe ta ciki."

Ba su taɓa ni ba. A al'ada, wadda ta saki ba a dukanta, lallaɓa ta ake yi kada ta sake kamawa. Malam Ummaru ya durƙusa a gabana, dattijo da gemunsa, bai yarda ya dubi idona ba. Ya ce, "Mun gode, Inna. A yi haƙuri, a bar muna ita." Na rantse, na yi kuka, Sanusi ya tauna ɗaya shi ma a gabansu, amma an riga an ga abin da aka gani. Motarmu ce ta kai Nana asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, aka yi mata allurai ta warke sarai. Wannan bai canja komai ba, sai ma ya tabbatar.

Kulu ta bar wasa, ta koma tasha. Labari ya riga ta isa cewa an gwada ta a gaban jama'a ta fita, kafin wata ya ƙare tuwonta ya daina kwana. Ta aurar da 'ya'yanta lafiya. Har gobe in na je Rabah sai ta cika mini kwano, kuma ita kaɗai ce a tashar nan ke zama mu ci tare.

Ni kuwa, amare suka daina zuwa lalle. A nan Wurno, inda aka haife ni, inda aka san uwata da ubana, in na shiga gidan suna sai in ga an ɗauke jariri an kai ɗaka wai zai sha nono. Abin ya yi mini ciwo, kuma bai daina ba. Aikin fim dai bai yanke ba, har ƙaruwa ya yi, don daraktoci na cewa ba wanda ya san fuskar mayya kamar Gwaggo Hassi, suna faɗin haka suna dariya, amma ba sa karɓar goro daga hannuna.

Da kakar albasa ta zagayo, na fito da safe na tarar da buhu a ƙofar zaure, an jingine shi da kyau. Yaran unguwa suka ce wani mutum ne ya kawo a babur daga wajen Maikujera, bai tsaya ba. Na sa aka mayar masa. Washegari sai ga shi da kansa, a tsaye daga nesa, fuskarsa ta yi fari kamar na shafa masa toka. Ya ce, "Inna, in ba ki son albasa, mi kika so?" Nan na gane abin da ya ji: in na ƙi albasa, to 'yarsa nake so. Na ce a shigo da buhun.

Tun daga lokacin bai taɓa fashi ba. Nana ta girma, an ce har ta yi aure ta haihu, shekarar da ta haihu buhu biyu na tarar. Ba ni da hanyar gaya wa bawan Allahn nan ya huta, don duk kalmar da na faɗa, wata yake ji.

To, ga sana'ar da kuka zo koya. Ƙaro da zoɓo zan nuna muku kafin la'asar, ba su da wuya. Amma tun ɗazu nake lura, tuwon nan ya huce har ya yi sanyi, kuma ke mai jan mayafi, da kika shigo kin ce yunwa kike ji. Miyar da albasar Malam Ummaru aka yi ta, mai kyau ce ƙwarai.

Ku sa hannu mana. Wa zai fara?